Tsohon Turken Injin Baba

Ranar Talata ma da Auta ya dawo daga aiki, ya tarar tsohon turken ya koma kan injin.

Ya tsaya a bakin ɗakin baya, makulli a hannu, ƙafarsa ta ƙi shiga. Jiya da hannunsa ya kwance turken nan, dunƙulen ƙarfe mai fuska huɗu da ke riƙe wuƙar fiƙa, ya naɗe shi a tsumma ya cusa bayan kanta. Ya ɗaura sabo a gurbinsa. Yanzu ga sabon can gefe, an jera mariƙan wuƙarsa biyar tsaf, kamar takalman baƙi.

Kwana ashirin da shida ke nan da rasuwar Baba. Abin da ya bari a ɗakin ba yawa: ƙaramin injin fiƙe ƙarfe, kujerar roba da ta lotsa a tsakiya, wani akwatin katako da ake takawa a gaban injin, sai kanta cike da ƙananan kayan tagulla. In baƙi sun yaba, Baba, dogo ne har yana sunkuyawa a ƙofa, sai ya yi murmushi ya ce ai hannun ne mai albarka. A bakin injin akwai kan sanda na tagulla, an fiƙe rabi, rabi na jira. Shi Auta ya ƙudura zai ƙarasa.

Don haka ya sayo sabon turke, irin wanda ake zare mariƙi a zura wani cikin ƙiftawar ido. Mai shagon ya baje masa kala uku, ya tambaye shi tsayin injin daga gadonsa zuwa tsakiyar inda ƙarfe ke juyawa. Auta bai sani ba, kuma ya ji kunyar faɗa. Ya nuna mafi girma, a ransa yana cewa Baba ya wuce ƙaramin abu.

"Samari, injin ɗaka gare ka ko na jirgin ƙasa?" in ji mai shagon, yana dariya yana naɗe masa.

Tun daga nan, duk guntun ƙarfen da ya gwada, wuƙar sai ta yi ta ihu tana gurza. Sau ɗaya ta cafke aikin, guntun ya fita da gudu ya wuce ta gefen kunnensa ya fasa gilashin taga. Umma ta fito tsakar gida ta dubi tagar, ta dube shi, ta koma ɗaki. Washegari aka fara mayar da tsohon turke.

Auta ya san matacce ba ya dawowa. Ya sani sarai. Amma ya san kuma a kan turken nan suka yi maganarsu ta ƙarshe mai tsawo. Ya ce wa Baba abin ya girme shi, a wannan zamani wa ke yanka gwangwanin madara yana cusawa ƙarƙashin wuƙa don ta zo daidai tsakiya? Baba ya yi dariya ya ce sai dai ya tambayi mai injin. Auta ya ɗauka ba'a ce, ya fita yana ƙunƙuni. Bayan kwana huɗu Allah ya ɗauki ran Baba, ba su shirya ba.

Ya daure ya shiga. Ƙarƙashin wuƙar ga siraran gwangwani biyu, sababbi fil, yankansu a miƙe kamar bakin riga. Ɓarɓashin tagulla na ƙyalli a farantin injin. Kan sandar ya ƙaru da zobe ɗaya. Ya ɗora tafin hannu a kan motar injin, ya janye da sauri. Da ɗumi.

Ko Baba ne ke fushi, ko shi ne kansa ya fara taɓuwa. Bai san wanne ya fi ba shi tsoro ba.

Bai gaya wa Umma ba. Nata ya ishe ta. Da ta ajiye masa abinci ya kasa ci, sai ya ƙura wa yatsunta ido, da ƙananan tabbansu da ta ce tartsatsin mai ne, don kar ya dubi fuskarta ya yi kuka. Ya kira mai sayen ƙarafa ya ce ya zo gobe ƙarfe huɗu ya kwashe komai, har kantar.

Laraba ya kasa zama a wurin aiki. Rana tsaka ya dawo, bai buga ƙofar gida ba, ya tura a hankali. Tun daga soro ya ji injin. Ba ihun nan nasa ba, wata murya ce siririya mai tafiya daidai, wadda ya sani tun yana dawowa daga makaranta, wadda kullum take yankewa da ya taɓa ƙofa. Ya bi bango yana addu'a a ɓoye, har ya isa ɗakin baya. Kwaɗon na rataye a buɗe, da wani makulli a jiki, ba nasa ba.

Ya tura ƙyauren da yatsa ɗaya.

Kujerar roba ba kowa. A kan akwatin katakon kuwa akwai ƙafafu biyu ƙanana, hannun riga a naɗe, ga almakashin ɗinki kusa da gwangwanin madara.

"Naka ya yi wa injin girma, Auta, wuƙar ba ta saukowa tsakiya, wata rana idonka za ta ci," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Zauna can inda babanka ke zama ya yi min hira, in ƙarasa masa sandarsa."