Gwaggo Ta Gama Aikinta

Saƙon Abdulbaƙi ya shigo bayan sallar asuba, kamar kullum. Zuhura na zaune a gindin rumbu, don nan kaɗai waya ke kama sabis a wannan gida na Mawashi. Ta karanta: "Gwaggo ta gama aikinta lafiya. Ki karya kafin ki taɓa kwamfuta." Abdulbaƙi dai ba mutum ne mai sauya magana ba. Ta kife wayar a cinya.

Gwaggo ba mutum ba ce. Wata ƙatuwar na'ura ce a wani ɗaki mai sanyi a hedikwatar bankin da Zuhura ke yi wa aiki a Legas, duk harkar bankin ta cikinta take bi. Ma'aikata suka laƙa mata sunan saboda tsufa da ƙin a taɓa ta. Da wani tsohon yaren kwamfuta ake yi mata magana, COBOL, wanda masu jin sa suka ƙare sai ɗaiɗai. Abdulbaƙi ne mai kula da ita, a gabanta ya yi furfura. Shi ya koya wa Zuhura yaren tun tana sabuwar ɗauka, da faɗa da tsokana, har ta iya.

Da manyan bankin suka yanke a juya komai zuwa Java, yaren da yaran zamani ke ji, Zuhura aka ɗora wa aikin, don ita ke jin duka biyun. Abdulbaƙi bai yi gardama ba, abin da ya ce a taron kawai shi ne a bi tsohuwar a hankali. Amma kowa ya sani, ranar da aka kashe Gwaggo babu sauran abin da ya rage na Abdulbaƙi a bankin nan.

An gama juyawa. An bar tsohuwa da sabuwa suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kowace safiya a gwada abin da suka fitar, ko ɗigo bai bambanta ba. Amincewar Zuhura kaɗai ta rage. Ita kuwa tun dawowarta ƙauye take ƙirƙiro dalilai: yau a sake gwaji, gobe hadari ya ɗauke sabis.

Inno, tsohuwar gidan, ta fito da ƙwaryar kunu ta aje gabanta.

"Mutumin ya yi magana?"

"Ya yi, Inno."

"Mi ya ce?"

Zuhura ta karanta mata. Inno ta gyaɗa kai kamar yau ta fara ji.

"To ki sha mana, tunda shi ya ce."

Da hantsi Sharafaddeen, shugaban sashensu, ya bugo. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo kan magana.

"Hajiya Zuhura, wallahi na kare ki iya ƙarfina. Na sama sun ce in yau ba ki amince ba, za su ba wani aikin, kujerarki ma ban da tabbas. In sabis ne matsalar, ki shiga Kankia ki tura mana."

"Ba na fita, ranka ya daɗe."

Ya sassauta murya. "Haka ne. Na sha'afa, ki yafe ni."

Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma. Ba ta ji haushinsa ba, ba ta ji tsoro ba. Kwanakin nan ba ta jin komai, ko kunu ta sha sai ta ga ƙwarya ta yi ƙasa take sanin ta sha.

Ta gangara can ƙarshen aikin da Gwaggo ke yi kafin gari ya waye. Akwai wasu 'yan layuka a wutsiyarsa da ba ta juya ba. Ba su shafi harkar banki ba, babu wanda ya ba da izinin sa su, yaran da suka duba aikin ma ba su lura ba. Kwafe su zuwa sabuwar na'ura ba zai kai tsawon alwala ba. Ta ɗora yatsu a kan madannai, ta daɗe a haka, sannan ta janye. In ta kwafe, aikin hannunta ne, kuma ita ba za ta iya ruɗin kanta ba.

Ta rubuta wa Sharafaddeen cewa ta amince. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Kaji suka ci gaba da tonon bakin rumbu. Kafin la'asar saƙo ya zagaya wa duk ma'aikata cewa an kashe tsohuwar na'ura lafiya, har da hoton yara suna yanka kek.

Washegari ta fito gindin rumbu duk da haka. Inno ma ta fito da ƙwaryarta, wannan karon ta zauna a gefen tabarma. Gari ya yi haske, masu tafiya gona suka wuce da garma, wayar na kwance tsakaninsu.

"Yau ya makara," in ji Inno.

"Ba zai ƙara magana ba, Inno. Ni na sa aka rufe."

Tsohuwar ba ta tambayi dalili ba, ta dai gyara ɗaurin zaninta ta zuba wa wayar ido. Abdulbaƙi ɗanta na fari ne, shi ya sa sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Layukan nan na wutsiyar aikin Gwaggo shi ya dasa su tun yana ango, don na'ura ta riƙa gaishe masa da matarsa duk asubar da aiki ya riƙe shi. Gwaggo kuwa babu wanda ya gaya mata cewa tun farkon damina aka binne Abdulbaƙi a bayan garin Mawashi, Zuhura takabarsa take yi.