Gumin Kwano

Ɗigon farko a kan hular Alhaji Maikuɗi ya sauka, yana tsakiyar ba baƙi labarin yadda ya sayi motarsa ta uku. Ya ɗaga kai ya dubi silin. Watan Janairu ne, rabon Gwaram da ruwan sama wata uku cur.

A shekarun da kuɗin mai suka fara malalowa har ƙauye, Maikuɗi ya tashi daga karen mota ya zama mai motocin jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Abin da ya fara yi shi ne rushe soron mahaifinsa. Ya ce ya gama kwana a ƙarƙashin azara da ƙasa. Aka yi masa bulo da kwano da farin silin, aka sa kicin da banɗaki a cikin ginin, kamar yadda ya gani a gidajen manyan ma'aikata. Har daga Dingaya ake zuwa kallo.

Malam Dabo, tsohon magini, shi ya yi aikin. A ƙarƙashin bakin kwanon ya bar ramuka takwas, huɗu gabas, huɗu yamma. Maikuɗi ya ce ƙauyanci ne, amma ya ƙyale.

Sanyin farko ya zo masa da tari. Kwana uku yana mita, wai iska na zubowa ta gaɓoɓin silin sai ka ce a rumfar kasuwa yake kwana. Matarsa Hapsatu, wadda dama ba mai yawan magana ba ce, ta dama masa kunun kanwa. Ya tafi Kano, ya dawo ya tarar iska ta ɗauke. Ya yi tuntuɓe da turmi a kife a gindin bango, ya yi faɗa. Ya ga Hapsatu tana ɗingishi, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Da yamma ya sanar da abokai cewa kwano mai tsada haka yake, sai ya zauna yake nuna halinsa.

Da Sallah ta zo, Hapsatu ba ta ɗaura shuɗin zanen nan nata ba, wanda ya saya mata tun yana bin bayan mota, wanda ba ta taɓa fashin ɗaura shi ranar idi ba. Maikuɗi ya ji daɗi. Ya daɗe yana ganin zanen bai dace da matar Alhaji ba.

Shekara na zagayowa silin ya fara zane-zane, ruwan ƙasa da baƙi. Daga nan ya yi ciki. Ɗaki ya ɗauki warin fumfuna, kuma kullum da sassafe sai ɗigo.

Maikuɗi ya ce Dabo ya cuce shi, ya hana shi ko taka ƙofar gidan. Ya ɗauko kafintoci daga Kano. Suka yaye kwanon lafiyayye, suka buga sabo, suka ci tuwo, suka tafi. Ɗigo ya ci gaba.

Sai ya gane. Ai maƙiya ne. Wani mai magani daga Yalwan Damai ya tabbatar masa, ya ba shi saiwoyi a riƙa tafasawa a falo safe da yamma, ƙofofi da tagogi a rufe, don tururin ya kori abin da aka turo. Hapsatu ta riƙa tafasawa kamar yadda aka ce. Ɗigo ya koma yayyafi. A tasha aka raɗa wa gidan suna Gidan Damina.

Ranar da allon silin ya ɓallo ya faɗa cikin akushin baƙi, Maikuɗi ya kai ƙara wajen mai unguwa. Bayan la'asar aka zo da Dabo, rabin gari na biye.

Dabo ya shaƙi iskar falon, ya fito, ya tsaya yana duban bakin kwano.

"Alhaji, rufinka ba ya yoyo. Gumi yake yi."

"Gumi? Kwanon nawa noma yake?"

Aka yi dariya. Dabo ya jira ta lafa.

"Tururin girki da na wanka, har da numfashinku, duk sama suke hawa. In sun tarar da kwano da sanyi sai su koma ruwa, su zubo a kan katako da silin. Shi ya sa na bar ramuka, iska ta shiga nan ta fita can da laimar. Ga su, an cusa musu abu har ciki."

Maikuɗi ya juyo wajen jama'a, fuskarsa har ƙyalli take. Ashe dai bai yi ƙarya ba, akwai hannun maƙiyi.

"Kun ji ko? Ku zama shaida. Wallahi duk wanda ya toshe ramukan nan, in bare ne sai kotu ta raba mu, in kuwa na gida ne, ko uwa ɗaya muke, ya gama kwana a ƙarƙashin rufina!"

"Alhaji, a sassauta rantsuwa," in ji mai unguwa.

"Na riga na yi. A kawo tsani."

Dabo ya hau, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro wani dunƙulen tsumma a jiƙe ya jefo. Ya matsa gaba ya zaro na biyu. Da na takwas ya faɗo, Maikuɗi ya sa ƙafa ya warware su a ƙasa, yana neman laya ko allura. Bai ga komai ba sai yanka mai kyau, na almakashi, an kuma kalmashe bakin kowane ƙyalle da ɗinkin hannu don kada ya zare.

Ya waiwaya zai kira Hapsatu ta zo ta ga aikin mahassada. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta yafa mayafi, ƙullin kayanta a hannu, idonta a kan shuɗin zanen da ta raba gida takwas don kada mijinta ya sake tari.