Akwatin Kamila

Malam Mannir, malamin firamaren Zakka, ya sami Zuwairatu a tsakiyar kogi, durƙushe kan yashi, tana kwalfar ruwa daga ramin da mata suka tona. Rani ne, kogin ya ƙafe. A nan ruwan daminar bara ya tafi da 'yarta Kamila, ba a kuma ga gawarta ba.

Suka gaisa. Ya daɗe yana juya makullin babur a hannu.

"Zuwairatu, an mayar da ni Batsari. In kin yarda, gobe kawuna zai je wurin Baba."

Ba ta ɗago ba. "Malam, tun rasuwar mahaifinta ita kaɗai gare ni. In na tafi, wa zai riƙa zuwa nan?"

"Mu biyu. Duk rani."

"Da tsadar man nan?"

"Ko a ƙafa."

Ta dube shi, ta dubi yashin. Sai ta miƙa masa ƙoƙon ruwa, ya sha.

"Kawunka ya bari sai jibi," ta ce. "Gobe ina da aiki."

Washegari ta buɗe akwatin Kamila, ta raba wa 'ya'yan maƙwabta kayan. Takalman roba kawai ta riƙe, ta sa su cikin kayan da za ta tafi da su Batsari.