Jitar Kawu

Karo na huɗu ke nan Kawu yana ajiye jitarsa ta lantarki a kan teburin shagon mai gyara.

"Har yanzu muryarta ciki-ciki," in ji shi. "Ko kai ma hannunka ya fara tsufa ne?"

Mai gyaran ya jawo ta gabansa ba musu, don wannan tsohon ne ya koya masa riƙe sukundireba. Cikin wata biyu ya canza maganaɗisun da ke ɗauko sautin tsirkiya, ya sake wayoyi, ya sa sababbin maɗaurai. Ba abin da ya rage na da sai katakon.

Ya jona ta da lasifika, ya murɗa sautin har ƙarshe. Kawu ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Gilashin taga ya ɗauki rawa, ƙusoshi suka yi tsalle cikin gwangwani, telan da ke maƙwabtaka ya leƙo yana toshe kunne.

"Ka ji ko?" in ji Kawu. "Kamar sauro a tulu."

"Kawu, ba jitar ba ce. Mu je asibiti a duba kunnenka."

Tsohon bai ko ɗago ba, maganar ba ta isa gare shi ba. Can sai ya sunkuya, ya manna haɓarsa a jikin katakon, ya sake kaɗawa. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa, ga muryar nan, a ciki ta maƙale. Fito min da ita, ɗana."

Mai gyaran ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki sukundireba.