Ban da Kambili

Ƙarfe uku da rabi Kambili ta rubuta "Bintu" a ɗan akwatin bincike na kwamfutar, sai fayil dubu da ɗari biyu suka zubo mata. A Maiduguri kuwa, neman Bintu da suna kawai ai neman wahala ne.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a Mairi, na wata ƙaramar ƙungiya mai haɗa iyaye da 'ya'yan da suka ɓace. Yau za a rufe shi. Takardunsa ambaliya ta cinye, abin da ya rage kawai shi ne tsohuwar kwamfutar nan ta kan tebur, ita ma ƙarfe huɗu direba Ya'akubu zai ɗauke ta a kai a goge komai, saboda sirrin mutane.

Ɗakin ba taga, ba wuta, batirin da ke riƙe da kwamfutar ya fara kuka. Ƙofar kuma guda ɗaya ce, wata mata daga Shehuri mai suna Ammatullahi ta shimfiɗa gefen lafayarta ta zauna a bakinta. Shekara goma sha shida ke nan da 'yarta mai shekara uku ta suɓuce daga hannunta ranar da gari ya rikice. Gudu ya kai ta Chadi, bana ta dawo, jiya ta ji labarin ofishin.

"'Yata, ni ba tashi ba," in ji ta da Hausarta mai gardin Barebari. "Sai kin ce mini tana raye ko ta mutu."

"Mama, ina ƙoƙari."

Gaskiya Kambili gida take so. Mamarta Nwakaego na jiranta a Kasuwar Kifi ta Baga Road su rufe shago. Amma ta ina za ta fita? Sai dai ta tsallake matar, ita kuwa ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba. Ta murza ɗan tabon gefen ƙaramin yatsanta na hagu, wanda aka ce wuƙar gyaran kifi ce ta yi mata tun ba ta da wayo. Haka take yi duk lokacin da ta rasa mafita.

Wata bakwai a kujerar nan sun koya mata dabarun bincike, har tana ɗan taƙama da su. Ta san tsofaffin ma'aikata kowa da rubutunsa, wani Bintu, wani Binta, wani Bintou. Sai ta rubuta Bint ta liƙa masa alamar tauraro, wadda ke nufin ko me ya biyo baya. Fayilolin suka ƙaru.

Sannan ta yi abin da ya zame mata jiki. Duk fayil ɗin da ta shigar da hannunta yana ɗauke da sunanta a ƙasa, sababbi ne kuma, ta san su kamar tafin hannunta. Don kada su cika mata ido, kullum takan ƙara NOT Kambili a ƙarshe, wato ban da duk mai sunanta. Ta ƙara, suka ragu zuwa ɗari bakwai. Ta taƙaita su ga shekarar da abin ya faru, suka koma tamanin da ɗaya.

Huɗu saura kwata. Ba ta yadda za ta buɗe tamanin da ɗaya.

"Mama, tana da wata alama a jiki?"

"Cindo. Hannun hagu."

Ta rubuta cindo. Babu. Ta tuna masu rubuta chindo, ta sa tauraro kafin indo. Fayil biyu suka fito. Na farko namiji ne, Bintu sunan uwarsa. Ta biyun tana shekara sha biyu aka tsince ta.

A waje Ya'akubu ya danna hon. Zufa ta jiƙe wa Kambili baya, kukan batirin ya ƙara sauri, ɗakin ya yi mata ƙanƙanta. Haushin matar ya kama ta, sai kuma kunyar haushin ta biyo baya. Ammatullahi kuwa carbi kawai take ja, idonta a kan hannuwan Kambili da ke kai-komo a kan madannai.

Ta cire shekarar. Babu. Ta canza Bint zuwa Fatima, ko wani mai iyayi ya gyara sunan. Babu. Ta mayar da shi yadda yake.

Ya'akubu ya leƙo ta saman kan matar. "Kambili, lokaci fa ya yi."

"Minti ɗaya, don Allah."

Ta juya za ta faɗa wa matar abin da ba ta so ta faɗa, sai ta fasa, ta koma kan kwamfutar. Don dai ta sami abin yi da hannunta, ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, haruffan suka riƙa ɓacewa daga ƙarshen layin. Sunan Kambili ya tafi, NOT ya bi shi. Kafin ta ɗage yatsan, fayil biyun nan sun zama uku.

Na ukun tsoho ne, ba ita ta shigar da shi ba. Ta buɗe. An tsinci yarinya 'yar kimanin shekara uku a ƙarƙashin motar kifi, ba ta jin Hausa, ta ce sunanta Bintu. Chindo a hannun hagu, an cire a asibiti. An yi cigiya wata shida, ba wanda ya zo.

"Mama, tana raye!" in ji Kambili. "Wata ce ta ɗauke ta riƙo, bari in karanto miki sunan."

Ammatullahi ta miƙe tsaye, ƙofa ta buɗe a karon farko tun azahar. Kambili ta gangara layin ƙarshe.

Mai riƙo: Nwakaego Onyema, Kasuwar Kifi ta Baga Road. Sunan da ta sa wa yarinyar: Kambili.