Turaren Auren Hajara

Dija ta sauko daga mota a Gure da ƙyallen mushuwar toshe a hanci, sai ka ce a juji aka ajiye ta. Ƙawarta Husseina na biye da ita, tana cire takalmi daga rairayi tana tsaki. A cikin wannan rairayin aka binne cibiyar kowaccensu, amma shekara goma sha biyu a Yamai ta ishe su su manta. Tun da mazajensu suka sami aikin gwamnati a can, Gure ta koma abin dariyarsu. In hira ta mutu, sai ɗaya ta kwaikwayi gaisuwar mutanen gabas, ɗayar ta riƙe ciki tana share hawaye.

Gayyatar dangi ce ta kawo su. Saura kwana goma a ɗaura auren Hajara, 'yar Dija ta fari, da ɗan wani babban darakta. Kuma Dija, da bakinta da ba ya rufuwa, ta riga ta yi wa uwar ango alkawari a gaban mata cewa amarya za ta shiga ɗaki da turaren butik ɗin Hajiya Zalika. A shekarar 1996 babu macen da ke ji da kanta a Yamai da ba ta san turaren nan ba. Cikin 'yar kwalba yake mai murfi ruwan zinariya, ana cewa daga Jidda ake kawo shi, matan ministoci ma rubuta suna suke yi su jira. Uwar ango ta baza labarin a gari.

Matsalar ita ce tun bayan salla butik ɗin babu ko ƙwaya. Hajiya ta ce a buga mata waya ranar Alhamis, wataƙila kaya sun iso. In ba su iso ba, Dija ta san da wane ido dangin ango za su dube ta: 'yar ƙauyen gabas mai cika baki. Abin yana cin ta a rai ƙwarai.

Ranar Alhamis da hantsi suka leƙa gidan Kaltumi, don kada a ce ba su je ba. Su uku a benci ɗaya suka zauna a lakwal, makarantar boko, suna yara. Biyu suka tafi birni, Kaltumi ta auri mai lambun dabino a kwari ta zauna. Dija ta bi tsakar gidan da kallo: turmi, kasko baƙi ƙirin, tukwane a jere cikin inuwa an ɗaure bakinsu da tsumma. Ta taɓa Husseina, Husseina ta taɓe baki.

Kaltumi ta fito da gudu ta rungume su tana jero musu gaisuwa da Barbarci. Dija ta amsa mata da Zabarmanci, kalma biyu da ta iya. Matan unguwa suka cika gidan suna kallon leshi da awarwaro. Da aka shiga ɗaki ƙamshi ya tashi mai sanyi, Dija ta gyara mayafi tana jin daɗi. Ragowar kwalbarta ta ƙarshe ta turara kayanta da ita kafin ta taso, a zatonta shi ne har ya gyara wa talaka ɗaki.

Sai Kaltumi ta jawo wani ƙaton gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, an naɗe bakinsa da ƙyalle an ɗaure da kaba. A Gure ƙawar uwar amarya ce ke haɗa wa 'ya turaren aure.

"Ga na ɗiyata," in ji ta. "Tun da na ji an sa rana nake kansa."

Dija ba ta ko miƙa hannu ba. Gwangwanin ta kalla, da tsatsar da ke gefensa.

"Haba Kaltumi. Gidan darakta za a kai ta fa, ba ruga ba. Can mutane sun san ƙamshi. In na shiga da wannan, sauro za su ce na zo kora."

Husseina ta fashe da dariya har da buga cinya. Kaltumi ta ji zafin maganar har cikin ranta, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta ɗauki gwangwanin ta miƙa wa wata tsohuwa da ke bakin ƙofa.

"Iya, ku raba. Allah ya sanya alheri a auren."

Kafin baƙin su kai zaure tsakar gida ta rikice. Mata na ture juna, kowa na ƙulle rabonta a bakin zane, mai goyo ma ba ta yarda an bar ta a baya ba. Dija ta waiga sau ɗaya, ta ga har gindin gwangwanin ake ƙwanƙwasawa.

"Dube su," ta ce wa Husseina. "Kan garin itace suke kokawa."

A gidan waya suka yi rabin awa kafin layin Yamai ya shiga. Dija ta manna abin magana a kunne, ta sassauta murya, ta gaida Hajiya Zalika da ladabin da ba ta yi wa kowa ba tun isowarta Gure. Ta tambayi kayan Jidda.

Hajiya ta yi 'yar dariya, ta ce tunda abin ya zo da gaggawa gara ta faɗa mata gaskiya, amma ta rufa mata asiri. Kwalaben ne kawai na Jidda. Turaren mace ɗaya ce ke haɗa mata, kuma ko yau ta fara sabo sai ya kwana arba'in a rufe.

"Ai kin ma yi sa'a, kina kusa da ita, je ki roƙe ta ko za ta sam miki kaɗan," in ji Hajiya. "Ta aiko mini cewa duk na wannan karon ta tara wa ɗiyar ƙawarta da za a aurar. A Gure take, sunanta Kaltumi."