Lasifikar Hagu

Mai Kunne ya ɗauki allura ya huda sabuwar lasifika, ransa na sosuwa. Shekara ashirin yana ɗaura wa babura kayan kiɗa, bai taɓa ɓata abu da gangan ba sai yau. Laƙabin ma a wurin aikin ya same shi: in waya ta saki a ƙarƙashin kujera, daga ƙetaren titi zai gaya maka wacce ce.

Wanda ya kawo aikin bai yi kama da mahaya babur ba. Dattijo ne mai tsabta, mai magana a hankali. A farar mota ya zo, gabanta sai ƙyallin sabon fenti yake, jan babur ɗin da za a yi wa aikin kuwa a bayan a-kori-kura aka biyo shi da shi.

Bai zauna ba sai da ya miƙa wa Mai Kunne wayarsa. Wani gajeren bidiyo ne: saurayi a kan jan babur ya tsaya a bakin shuɗiyar ƙofa, kusa da shagon magani, kiɗa na tashi. Wata mata ta fito tana goge hannu a zani, tana dariya, tana yi masa faɗan ya cika wa unguwa kunne.

Dattijon ya ce yaron ya rasu wata huɗu da suka wuce, a kan babur ɗin da ke cikin bidiyon, kuma tun ranar uwar ba ta ci ba ta barci. Wai likita ya ce abin da ta saba ji zai iya sanyaya mata zuciya. Don haka sauti yake so irin wancan sak, har da kakarin da lasifikar hagu take yi.

"Yaron" yake ta cewa, ko sau ɗaya bai ce "ɗana" ba. Mai Kunne ya ɗauka kunyar ɗan fari ce, sai tausayin mutumin ya ƙara kama shi.

Kwana uku ya ture duk wani aiki. Ya saurari bidiyon ya fi sau ɗari, har matarsa ta fara rera waƙar tana wanke-wanke ba ta sani ba. Ya gano amfilifayar, wato na'urar ƙara sauti, ƙarama ce, an ɗaure ta da roba a gefen batir. Ya gano salansar ma tana da ƴar huda, shi ya sa ƙarar injin take shiga kiɗan. Lasifika biyu ya lalata kafin ta uku ta ba shi kakarin da yake nema. Da ya kunna, ya rufe ido, shi kansa ya kasa raba na bidiyo da na gabansa.

Dattijon ya dawo da buƙata ɗaya. Yana son maɓalli a ƙarƙashin babban yatsa, wanda zai katse kiɗan nan take, don kada abin ya yi mata yawa. Yana kuma son komai ya kammala kafin ƙarshen wata. Mai Kunne ya sa maɓallin, ya koya masa tayar da babur ɗin, ya riƙe masa kujera yana tangal-tangal a cikin layi kamar mai koyon tafiya.

Ya nemi ya bi shi ya yi wa maiɗakinsa ta'aziyya. Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce ba ta son ganin baƙi tukuna, amma ladan wannan aiki Allah ne kaɗai zai biya shi.

Mai Kunne ya ba kowa labarin. Abokan sana'a suka riƙa tsokanarsa da likitan salansa, shi kuwa har cikin ransa yana jin daɗi.

Bayan sati shida, yana dawowa daga sayen wayoyi da hantsi, ya hangi shagon maganin, ga shuɗiyar ƙofa a gefensa. Ya sauka ya sayi lemo cike da leda. Ko daga bakin ƙofa ne zai gai da uwar yaron, ya ga aikin hannunsa.

Kwaɗo ya tarar a ƙofar. Wata tela da ke ɗinki a barandar gidan da ke kusa ta tsayar da kekenta, ta dube shi, ta dubi ledar.

Ta ce ya makara. Sati biyu ke nan da aka kai matar gidan asibitin masu taɓin hankali. Da farko ta fara samun sauƙi, har ta koma sana'arta. Sai kawai ta shiga fitowa a guje kullum da rana tsaka, ba takalmi ba ɗankwali, tana cewa ɗanta ya dawo, ga kiɗansa nan a lungun bayan ɗakinta. In ta zagaya, ba kowa. An yi ta gaya mata babura masu kiɗa nawa ne ke wucewa a wuni, ta ce ita ta san na ɗanta. Ranar ƙarshe sai da maza uku suka danne ta a tsakiyar titi, yara na jifanta da ɓawon ayaba.

Mai Kunne ya ajiye ledar a ƙasa. Ya tambaya ina maigidanta.

"Wane maigida? Shekara goma sha biyu da rasuwarsa. Daga ita sai ɗan nan, kuma tana bayansa a kan babur ranar da abin ya faru."

Ta gyara zare a bakin allura, ta girgiza kai.

"Abin takaicin ma, bawan Allah, mai farar motar da ya take shi ya gudu, shekaranjiya kotu ta sallame shi. Ita kaɗai ta ga fuskarsa, kuma alƙali ya ce ba a karɓar shaidar mahaukaciya."